Bencin Aro

Tun da na dawo daga zagayen nan ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin famfo a tambaye ni, ƙawayena da muka yi makarantar horon malamai tare kuwa sun cika mini waya da saƙon murya: "Rabi, wai me kika yi wa Maigari?" Kowa da irin labarin da ya ji. Wata har cewa ta yi an gaya mata na shanya dattawan gari a rana, na hana su ruwa. Ruwa dai na ba su. Sauran kuwa bari in faɗa da bakina tun daga farko, ko na samu in huta.

Ni ce dirakta, wato shugaba, a wata ƙaramar lakwal, makarantar firamare ke nan, ta yankin Hawandawaki, ni ce kuma nake riƙe da ajin farko. Ajin nan rumfar kara ce. Sai an gama girbi ake kafa ta, kafin zafi ya shigo awaki sun cinye mata gindi. Bana yara sun fi ƙarfin inuwarta. Na gaba suna cikin inuwa, na baya kuwa tun hantsi rana ke dukansu, a kan rairayi, suna ƙifta ido suna neman abin da na rubuta. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Sai shugabanninmu na ilimi suka ɓullo da wani tsari. Malamai daga lakwal-lakwal na ɓangaren Tasawa da na Mayahi za su riƙa ziyartar juna, a ga abin da ke tafiya da wanda ya ƙi tafiya, a gwada ɗan gyara, bayan wani lokaci a dawo a sake dubawa. Ba maki ake bayarwa ba, ba laifi ake nema ba. Mu dai muna ce masa zagayen gyara. Aka sa ni cikin masu tafiya, aka kuma ce lakwal ɗinmu ce za a rufe zagayen da ita.

Ana gobe zan tashi na je sallamar Maigari. Ya amsa gaisuwata da fara'a, sannan ya gyara zama.

"Madam, ke baƙuwa ce, amma ɗiya munka riƙe ki. In kunka gama yawonku kunka zo nan, ban so a ga tsiraicin garin ga. Ki ruha muna asiri. Wanda ya gabace ki bai iya bakinai ba, munka roƙi a canza muna shi, anka canza. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Na ji ɗin ne kawai, ban ce na yarda ba. Amma maganar ta zauna mini, don canjin wuri a wajena ba wasa ba ne. Mahaifiyata tana hannuna, ƙafa ta hana ta tafiya, kuma garin nan ne kusa da danginta masu leƙo ta idan ina aji. In aka jefa ni wani wuri mai nisa, ban san yadda zan yi da ita ba.

Mu uku muka tashi, kowa a bayan ɗan kabu-kabunsa, mai haya da babur. Akwai Malam Idi, konseye, wato mai ba malamai shawara, mutum mai sanyin hali da ba ya son ran kowa ya ɓaci. Akwai kuma Mushe Sani (Mushe muke ce wa malamai maza), tsohon malami, mai farar riga da son hira, wanda bai taɓa wuce mai ƙosai bai tsaya ba. Hanyar Korgom yashi ce zalla. In ya yi zurfi sai ka sauka ka taka, moto ya bi ka a baya yana gurnani. Sau ɗaya nawa ya kwanta da ni a hankali, na tashi da rairayi har cikin kunne. Mushe Sani ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tuna ya ce sannu.

Lakwal ta farko tana wani ƙauye kusa da Korgom. Tun daga nesa muka ji waƙar maraba. An share fili an yayyafa ruwa, kowane yaro yana zaune a kan benci, irin mai haɗe da tebur ɗin nan. Allon bango kuwa baƙi wuluk, sai sheƙi yake. Mushe Sani ya jingina da shi don ya ji daɗin kallon darasi, da ya ɗago sai ga rabin allon a bayan farar rigarsa. Fentin bai ma bushe ba. Na rama dariyata, ban rage komai ba.

Darasi ya tafi sumul. Malami ya yi tambaya, hannuwa suka tashi, ya zaɓi waɗanda ya zaɓa, suka amsa daidai. Da muka zauna tattaunawa na tambayi diraktan wurin abin da ya fi damunsu.

"Alhamdulillahi, Madam, sai godiya."

"Yara na zuwa kullum?"

"Sai godiya."

Duk ta inda na ɓullo masa, godiyar nan ce ke tare ni. Na koma gefe ina jin kunyar rumfata, har ina tambayar kaina ko ni kaɗai ce na kasa.

An sauke ni a cikin gida wajen Inna Hajo, matar shugaban iyayen yara, mazan kuma aka bar su a zaure. A nan na fi su sa'a, don abin da ake ɓoyewa a zaure, a bakin murhu ake faɗinsa. Ta kawo mini tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, barkono kuwa kamar da gayya aka zuba, mutanen wajen sun fi mu ƙarfin harshe. Ina ci ina share hanci, sai ta ce:

"Ci ki huta, ɗiyata. Mu gobe sammako gare mu, Malam na da aikin kai benci."

"Wane benci, Inna?"

"Na lakwal mana. Ai ba namu ne ba, daga babbar lakwal anka aro su. Garin da za ku tahi gobe, su ma sai sun hita kunyar baƙi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tambaye ta yaran babbar lakwal ɗin a kan me suke zaune tun da aka kwashe. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce a ƙasa mana, ai kwana kaɗan ne.

Da safe ban gaya wa kowa ba, ashe ma ba sai na faɗa ba. Ba mu yi nisa ba muka tarar da amalanke ta kafe a yashi, shanu sun tsaya suna huci, an yi mata lodin benci har sama an ɗaure da igiya. Mai amalanken, mijin Inna Hajo ne, da ya gan mu sai ya rasa inda zai sa idonsa. Malam Idi ya sauka ya yi masa sannu da aiki. Mushe Sani ya naɗe hannun riga. Su da 'yan kabu-kabu suka sa kafaɗa suka tura har ta fita. Babu wanda ya ce ina za a kai wannan kaya, babu wanda ya ko kalli bencin da kyau.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi. Muna wucewa kaɗan Malam Idi ya ce a tsaya gindin wani gawo a sha fura. Aka sha fura. Aka yi hirar tsadar esans, wato man fetur. Amalanke ta zo ta wuce mu a hankali, kowa ya duƙar da kai cikin ƙwarya. Sai da ta ɓace, aka ƙara jira, sannan aka ce a tashi. Wato mun tsaya ne don masu masaukinmu su samu lokacin shirya abin da za su rufe mana ido da shi.

Na kasa haƙuri. "Konseye, wai mi munka hito yi?"

"Madam, ba a tona asirin mai masauki. Mutum ya yi ɗawainiya dominka, kai kuma ka kunyata shi?"

"To mu koma gida mana. In kowa lahiya lau yake, mi za mu gyara?"

Ya yi murmushi ya ce in bi a hankali. Ba mugun mutum ba ne, tarbiyyarsa ce haka, ni ma da ita aka raine ni. A gidanmu ko tukunya ba a ɗora ba, in baƙo ya tambaya cewa ake an ƙoshi. Amma ban taɓa ganin inda wannan hali ya cuci mutane a fili ba kamar ranar. A lakwal ta biyu na zauna a kan bencin da na zauna jiya, mai ƙusar da ta kama mini zane, ta sake kama shi a wuri guda. Aka yi mana waƙa, aka ce sai godiya, muka ci kaza muka wuce.

A Tasawa muka ɗan shaƙata. Na samu rezo a wayata na kira gida, mahaifiyata ta ce lafiya lau take, ta kuma ce an ga Maigari yana aike-aike. Na gane ko aiken me ne. Daga nan muka nufi ƙasar Mayahi. Ni da na saba da iyaka irin ta kudancinmu, mai shinge da masu duba kaya, sai na yi ta zuba ido. Ɗan kabu-kabuna ya nuna mini wata bishiya da haɓa ya ce nan Tasawa ta ƙare. Shi ke nan iyakar. A ɗan ƙauyen gaba muka sallami 'yan kabu-kabunmu muka ɗauki 'yan ƙasar, waɗanda suka san hanya. Mushe Sani ya sha shayi ya miƙa naira, kamar yadda muke yi a kasuwanninmu na bakin iyaka. Mai shayin ya juya ta gaba da baya ya ce, "Mushe, wagga sai can wajenku." Ni na fanshe shi, har yau kuma ina tuna masa.

Mun iso Gidan Amumune ranar kasuwa, gari ya cika da amalanke da raƙuma da motoci. Muka faɗi sunan ƙauyen da ake jiranmu, 'yan kabu-kabu suka ce sun san shi sarai. Ashe ƙauyuka biyu ne masu suna ɗaya, ɗaya na manoma, ɗaya na Buzaye makiyaya da suka daɗe da zama a wurin. Na manoman ne ke jiranmu. Aka kai mu na Buzaye.

Babu waƙa, babu shara. Rumfa ce irin tawa, ta ma fi tawa tsufa, ɗan akuya na kwance a bakin ƙofa. Malamin, Mushe Agali, dogo siriri, ya fito hannunsa fari fat da alli, ya ga baƙi da jakunkuna. Ya shiga ba da haƙuri, wai ba a sanar da shi ba, bari ya aika a kama akuya. Na ce masa don Allah ya bar akuya ta sha iska, ya ci gaba da darasinsa. Muka zauna a ƙasa a bayan aji, don babu wani wurin.

Can sai ya tafa hannu. Yaran baya suka tashi suka koma gaba, kowane layi ya ja baya, ba hayaniya, da gani sun saba. Bayan wani lokaci ya raba su gungu-gungu, masu koyon baƙaƙe a nan suna rubutu da yatsa a rairayi, masu haɗa kalma a can, ba ruwansa da wane ne babba. Da muka tambaye shi, tun da bai shirya komai ba, sai ya faɗi gaskiya. Ya ce da farko mako-mako yake juya layin, ya ga na baya sun gaji kafin zagayensu ya zo, ya mayar da shi kullum. Ya ce ya gwada ƙarin darasi da la'asar, ya faɗi warwas, don lokacin ne yara ke kai dabbobi rijiya, dole ya bari. Ya ce har yanzu akwai gungun da ya rasa yadda zai yi da su. Mushe Sani, wanda tun fitowarmu ban ji ya yi maganar aiki ba, ya matso ya gaya masa dabarar da ya taɓa yi da irinsu. Malam Idi ma ya manta da sanyin hali, tambaya yake kan tambaya.

Aka dama mana fura da cuku da dabino, mai nauyi, cokali kaɗan ka ƙoshi. Shayi kuwa sai an yi zagaye uku, in ka tashi kafin na ƙarshe ka yi rashin ladabi. Abin da ya fi burge ni shi ne matansu. A wajenmu in maza na taro mace sai dai ta ji daga bayan zana. Nan kuwa zuwa suka yi suka zauna, wata tsohuwa ta dubi Malam Idi ido cikin ido ta ce, "Kun zo ganin lakwal? To ga ta nan, ba ta da ƙyaure, balle mu ruhe." Na ji kamar in rungume ta.

Washegari muka je inda ake jiranmu, muka ba da haƙuri, muka ci naman da aka yanka dominmu tun jiya. Su ma benci reras, su ma sai godiya. Ban ma yi tambaya ba. Na roƙi Malam Idi ya bar ni in riga su komawa, in shirya tarbarsu. Ya ce madalla, yana tsammanin shara zan sa a yi.

Na iso gida na tarar da abin da na zata. Amalanke na tsaye a ƙofar lakwal da lodin bencin aro, an fara kwance igiya, sai na nufi mai ita.

"Sannu da aiki. Ɗaure ka maida su inda ka ɗauko."

"Madam, Maigari ne hwa ya aiko ni."

"Na sani. Ka ce mishi na gode. Ɗiyan da anka ɗauke ma su, mi sunka yi muna da za su zamna ƙasa?"

Ya tsaya yana kallona, ya ga ba wasa a fuskata, ya juya shanunsa. Na shiga gida na ga mahaifiyata zaune a tabarma tana jan carbi, na kusa fita in kira mai amalanken ya dawo. Na gaya mata abin da na yi da abin da zai iya biyo baya. Ta ce, "In gaskiya ce, ki yi. Ni kaya ce, inda anka aje ni nan ni ke." Wannan magana ta fi faɗa yi mini zafi.

Baƙi suka iso da hantsi, Maigari ya zo da dattawansa cikin manyan riguna. Na durƙusa na gaishe su, na ba kowa ruwa. Ban fito da kujera ko ɗaya ba.

"Baba, a yi haƙuri. Nan baya ne wurin da ya rage."

Malam Idi ya dube ni, na dube shi. Shi ya fara zama a kan rairayi, cikin yaran baya. Mushe Sani ya bi shi da farar rigarsa. Baƙi sun zauna, mai gida ba shi da halin tsayawa, sai Maigari ya tattara rigarsa ya zauna, dattawa suka bi. Na yi darasina na kullum, ban zaɓi masu ƙoƙari ba. Na rubuta kalma a allonmu da ya koɗe, na ce Mushe Sani ya karanta daga inda yake. Ya kare ido da hannu, ya leƙa, ya ce wallahi ba ya ganin komai sai haske. Rana ta ƙara ɗagawa. Dattawa suka fara sauya zama, don rairayin ya ɗau zafi. Yaran da ke gefensu ko motsi ba su yi ba, su kullum ne.

A tattaunawa na faɗi komai: waɗanda ba sa zuwa ranar kasuwa, waɗanda har yanzu ba su san ko harafi ɗaya ba, abin da na gwada ya ƙi. Ba wanda ya yi mana alkawarin gini. An dai tsayar da ƙananan abubuwa, in fara juya layi kullum kamar Mushe Agali, a sake wa allo baƙi, su kuma su dawo bayan hutu su ga ko an samu canji. A karon farko tun da muka fita, na ji an yi aikin da ya fito da mu.

Baƙi na tafiya Maigari ya tsaya a gabana, idonsa ja.

"Kin tona muna asiri, Madam."

"Baba, asirin da ɗiyan garin ga ka zama cikinai kullum, wa muka ɓoye ma?"

Ya kaɗa riga ya tafi, kuma bai fasa abin da ya ce ba. Kafin mako ya zagayo an tura mutane sun kai ƙarata wajen shugabanninmu na ilimi. An sanar da ni cewa in shekarar karatu ta ƙare za a kai ni wani wuri, ban san ko ina ba. Na fara tambayar wanda zai iya ɗaukar mahaifiyata a mota. Masu cewa in je in ba da haƙuri, na gode, ba zan je ba. In aka maimaita ranar, haka zan sake yi.

Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗi. Bayan kwanaki aka wayi gari an kwashe shimfiɗu da kujerar Maigari daga babban zaurensa, an share, aka aiko mini da baki cewa daga yau ajin farko a nan zai riƙa zama, shi ya koma yin fadanci a gindin bishiyar bedi. Ba shi ya gaya mini ba, don ya daina yi mini magana. Yanzu yarana duka suna cikin inuwa, na gaba da na baya. Kullum da safe ina tarar da shi a gindin bedin nan, in durƙusa in ce, "Baba, ina kwana." Ya kau da kai. Ni kuma in tashi, in kaɗe zanena, in shiga zaurensa in fara darasi.